Layi Tara da Suka Wanke Zinariya

In ka biyo layin masu buga takardu a Tudun Wada, ka wuce mai awara, ka wuce inda 'yan keke ke tare hanya kamar gadonsu, za ka ga wani shago da in mutum ya yi atishawa a ciki sai goshinsa ya bugi bango. Nan ne fadar Malam Kailani mai gyaran kwamfuta. Ni Atika, mai injin fotokofi a shagon Alhaji Gwadabe da ke kallonsa, shekara bakwai ina ganin shigarsa da fitarsa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Kailani ɗan Dutsen Abba ne. Babansa rediyo yake gyarawa da keken ɗinki. Yana ɗan shekara tara ya sauko da agogon bangon innarsa, na kayan ɗakinta, ya warware shi ɗaiɗai a kan tabarma, wai yana son ya san dalilin da ya sa yake lattin minti biyar. An zane shi zanen da har yau in ana labari sai ya gyara zama. Amma ya gano dalilin: ƙafar kyankyaso ce ta maƙale a ciki. Tun daga ranar mutumin nan bai warke ba. Ya yi karatun kwamfuta, ya samu aiki a wani ofis a Kaduna mai sanyin na'ura da shayi kyauta, ya baro shi saboda an ce ya sa hannu a takarda cewa kwamfuta ashirin sun mutu, alhali ƙura ce kawai ta toshe su. Ya dawo Zariya da jaka ɗaya da taurin kai buhu goma. Matarsa Bilkisu ta ce min ko miya ce ta yi tsami, ba zai bari a zubar ba sai an zauna an gano a wane lokaci ta fara.

Ku sani, a layinmu maganin kowace cutar kwamfuta ɗaya ne: a goge ta kaf a sake zubi. Ta yi nauyi? A goge. Ta yi zafi? A goge. Ɓera ya ci waya? A goge, sannan a duba wayar. Kailani kaɗai ne ba ya gogewa sai ya san me ya faru. Shi ya sa masu gaggawa ke tsallake shagonsa, shi kuma ko a jikinsa. In babu aiki sai ya zauna yana karanta rubutun cikin manhaja, irin manhajar nan ta kyauta da mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su rubuta, kowa na iya buɗewa ya ga cikinta. Yana karantawa yana murmushi shi kaɗai kamar mai karanta wasiƙar budurwa.

To, a shagonmu akwai masu buga rubutu shida, kowa da kwamfutarsa. Dukkansu a jone suke da wata babba da ke ƙarƙashin teburin Alhaji, muna ce mata Babba. A cikinta ake ajiye aikin kowa, don ɗalibi ya zo ko wa ya samu a zaune ya buɗe masa furojet ɗinsa. Kailani ne ya haɗa mana, da waccan manhajar ta kyauta, domin Alhaji in ya ji kalmar kyauta har kunnensa motsi yake. Lokacin haɗawa Kailani ya ce a ba kowa sunan shiga da lambar sirrinsa. Alhaji ya ce shi ba zai haddace lamba shida ba yana da iyali. Suna ɗaya, lamba ɗaya, lambar motarsa. Haka aka yi.

A cikin shidan akwai Zinariya. Shekararta goma sha ɗaya a kujerar nan ta bakin taga. Yatsunta in suna gudu sai ka rantse ruwa ake a kan kwano. Ita ke gyara wa ɗalibai Turancin da malamansu ba su gani ba. Da aikin nan take riƙe da mahaifiyarta da 'ya'ya uku, tun da masaƙar da mijinta ke aiki ta rufe.

Da lokacin furojet ya kama bana, shago ya cika har waje, sai Babba ta fara suma. Ana cikin aiki sai komai ya tsaya cak, duk abin da ba a ajiye ba ya tafi, sai an kashe ta an kunna. Wata yarinya ta rasa babi na huɗu sukutum, ta zauna a dakalinmu ta yi kukan da har mai awara ta ba ta kyauta. Sau biyu a rana, wani lokaci sau uku. Alhaji ya kira masu gogewa, suka goge. Ta suma. Ya sayi sabuwar waya. Ta suma. Ya sa aka yi hayaƙi a shagon har na kusa shiɗewa a kan injina. Ta suma.

Sai wani mai ido, Allah ya isa tsakanina da shi, ya lura cewa Babba ba ta suma sai Zinariya ta tashi. Ta miƙe za ta yi azahar, kafin ta ɗauki buta an yi salati. La'asar ma haka. Ranar da ta je asibiti da mahaifiyarta, lafiya lau aka wuni.

Shi ke nan fa. Kafin kwana uku duk layin an san Zinariya farar ƙafa gare ta. Ɗalibai, masu digiri a gaba, suka fara cewa kada a ba ta aikinsu. Wani har da janye jakarsa da ta zo wucewa. Matar da ta shekara goma sha ɗaya tana gyara musu rubutu! Ranar Litinin Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, ba a ofis ba, a bakin ƙofa inda 'yan acaɓa ke ji, ya ce:

“Zinariya, ni ban ce kin yi wani abu ba. Amma abin nan a jikinki yake. Ki ƙarasa satin nan, ranar Juma'a ki huta a gida.”

Ta ce, “Alhaji, me na taɓa?”

“Ba sai kin taɓa ba. Ai matsalar ke nan.”

Ta koma ta zauna, tana bugawa hawaye na sauka a kan haruffa. Kuma kowa ya san in ta bar nan da wannan suna, babu mai shagon da zai ɗauke ta daga nan har Hanwa.

Ni kuwa na kashe injina, na tsallaka titi ko mayafi ban gyara ba.

“Malam Kailani, kana nan kana yi wa allo murmushi, abin da ka haɗa da hannunka zai raba baiwar Allah da abincinta!”

Ya ɗago a hankali. Komai nasa a hankali ne, in yana cin gyaɗa sai ka yi zaton tantance ta yake.

“Wa ya taɓa ta?”

“Zinariya?”

“Babba.”

“Kai jama'a! Ina maka maganar mutum kana tambayar ƙarfe! Masu gogewa sun goge ta sau biyu.”

Ya dafe kai kamar an ce masa an yi rasuwa. “Sun goge shaidar ke nan. Me ya sa ba a kira ni ba?”

“Alhaji ya ce kai sai ka yi sati kana kallonta.”

Ya ɗauki wani littafi da biro ya biyo ni. Ranar Talata tun safe ya ja kujera ya zauna a bayan Zinariya, bai taɓa komai ba, kallo kawai. Alhaji na wucewa yana cewa, “Injiniya, a kawo maka filo?” Bai kula shi ba. Da aka kira azahar kowa ya fara miƙewa. Agatha, wadda ke kujerar kusa da ita, ba ta tashi ba, tana ta ajiye wani ƙaton aiki mai hotuna. Zinariya ta kai hannu ta danna wani abu, ta miƙe. Babba ta suma.

Kailani ya ce, “Malama Zinariya, me kika danna yanzu?”

“Fita na yi. Na rufe shigata.”

“Kullum kina yi?”

“Duk lokacin da zan bar kujera. Haka aka koya mana a makarantar kwamfuta. Kada ka tashi ka bar aikin mutane a buɗe.”

Ya juya ga sauran. “Ku fa?”

Agatha ta yi dariya. “Oga Kailani, ni tun Janairu ban fita ba. Ban ma san inda abin yake ba.”

Kun ji fa. A cikin mutum shida, ita kaɗai ke yin abin da ya kamata, ita kuma aka kora.

Na ce, “To ai shi ke nan! Ta daina dannawa, magana ta ƙare.”

Ya ce, “In ta daina, Babba ma ta daina suma, me za a ce?”

Nan take na gane. Za a ce da ma ita ce.

“Kuma ba laifinta ba ne,” in ji shi. “An yi wurin fita ne don a fita. In mutum ya danna injin ya faɗi, injin ne ke da ciwo.”

Ya kwashe bayanan da Babba ta bari lokacin sumanta, ya koma akurkinsa. Ya haɗa tsofaffin kwamfutoci uku, ɗaya ma ba ta da murfi, ya mai da ɗaya Babba, biyu masu bugu. Har dare yana sumar da ita da gangan yana tashinta. Duk sumar da ta yi sai ya ce “Madalla.” Na kai masa kunun aya ya huce a gabansa bai sani ba. Ranar Laraba da hantsi na leƙa, na same shi ya jingina da bango yana kallon rufi.

“An samu?”

“An samu. Amma sai kin rantse ba za ki faɗa ba.”

“Ni? Yaushe na taɓa faɗar maganar wani?”

Ya dube ni kawai. Na rantse.

Ya ce, “Ki ɗauka mutum shida suna cin tuwo a faranti ɗaya. Ɗaya ya ce ya ƙoshi, ya tashi. Mai gida ta ji an ce an ƙoshi, ba ta duba ko da saura ba, ta ɗauke farantin, ta zuba ruwan wanke-wanke a ciki, ta mayar wurin. Sauran biyar ba su sani ba, suka kai hannu suka kai baki.”

“Tir!”

“Haka Babba ke yi. Duk wanda ya shiga, tana ware masa ɗan wuri a ƙwaƙwalwarta ta rubuta ko shi wane ne. Su shida suna ɗaya suke shiga da shi, sai ta ware wuri ɗaya. In Zinariya ta fita, sai ta saki wurin ta ba wani aiki daban. In a daidai lokacin Agatha na ajiye fayil, Babba ta koma wurin ta duba ko wace ce, sai ta tarar da shirme. Sai ta faɗi.”

“To su masu rubuta abin, duk iliminsu ba su gani ba?”

“Su ba su taɓa tunanin mutum shida za su shiga da lambar mota ɗaya a lokaci ɗaya ba.”

“To me ye na rantsuwa a nan? Bari in je in faɗa wa layin nan kaf!”

Ya tare ƙofa, wato ya miƙa ƙafa ɗaya. Ya ce abin ya wuce shagon Alhaji. Manhajar nan tana cikin asibitoci da makarantu da ofisoshi a duniya. Mugun da ya san wannan rami zai iya yin dabara ya zuba abin da yake so a farantin kafin a kai hannu, daga nan ya karɓe injin gaba ɗaya. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a sanar da masu kula da manhajar a asirce, a yi shiru sai sun toshe.

Jama'a, kwana biyu na yi da magana a cikina. Na rame. Mai awara ta tambaye ni ko azumi nake. Ina ji wata ɗaliba na cewa “waccan mai farar ƙafar,” na ciji leɓe har ya fashe, na huce a kan takardunta, na yi mata kwafi a karkace.

Gyaran kuwa, in gaya muku, layi tara ne na rubutu. Tara! Na ƙirga da idona. Ya sa Babba ta riƙa lura da hannu nawa ne a farantin, kowa ya shigo ta ƙara ɗaya, kowa ya fita ta rage ɗaya, ba ta ɗaukewa sai babu kowa. Ya tura wa masu kula da manhajar ta imel, da bayanin yadda za su sumar da tasu su gani. Na ce yanzu za su aiko da jirgi a ɗauke shi. Washegari amsa ta zo daga wani da ko fuskarsa ba mu sani ba: ya gode, ciwon gaskiya ne, amma layi na shida ya yi tsawo da harafi uku, a gyara a sake turowa. Harafi uku! Mutum ya toshe musu ramin da ya isa ya haɗiye asibiti, suna auna masa layi kamar tela! Na ce ya ba ni adireshin in rubuta masa da Hausa. Kailani kuwa har daɗi ya ji, wai mutumin ya karanta da kyau. Sai bayan sati uku suka saka gyaran a manhajar kowa, shi ya sa yanzu bakina ya samu 'yanci. Amma Juma'a ba ta jira su ba.

Ranar Juma'a da safe Zinariya ta zo da leda, ta fara tattara 'yan kayanta: kofinta, dardumarta, ɗan matashin da take sa wa a baya. Shago cike da ɗalibai. Kailani ya shigo da littafinsa.

“Alhaji, ina neman alfarma. Minti goma.”

“Injiniya, yau Juma'a, kuma magana ta riga ta ƙare.”

“Malama Zinariya, don Allah fita waje. Tsallaka titi ma, ki tsaya wurin mai awara.”

Ta fita. Ya ce wa Agatha ta buɗe aikin nan mai hotuna ta fara ajiyewa. Sannan ya ja kujerar bakin taga.

“Alhaji, bismilla.”

“In zauna a nan? Ni?”

“Ai kujerarka ce, kai ka saya.”

Aka yi dariya, dole ya zauna, yana tattare babbar riga kamar kujerar za ta cije shi. Kailani ya nuna masa wuri a allo. “Danna nan.”

Alhaji ya danna da yatsa ɗaya. Babba ta suma.

Wallahi shirun da aka yi, har ƙarar mai a kaskon awara ana ji daga tsallake. Sai Agatha ta kira sunan Allah da yarensu, a hankali amma kowa ya ji, “Chineke. Oga, ashe kai ne.”

“Kujerar ce!” in ji Alhaji, ya miƙe zumbur. “Ta shafa wa kujerar!”

Kailani ya tashi Babba, ya kai Alhaji kwamfutar can ƙarshe, wadda Zinariya ba ta taɓa zama a kai ba. Agatha ta fara ajiyewa. Alhaji ya danna. Ta suma. Ni kuwa na ce, “Alhaji, ko a kawo hayaƙin nan?” Ya harare ni harar da ta isa ta kashe injina.

Daga nan Kailani ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya saka wa Babba gyaransa, ya kunna. Ya aika aka kira Zinariya. Ta zauna a kujerarta, Agatha na ajiyewa, ta fita, ta shiga, ta fita, ta shiga. Ɗalibai na ƙirgawa da ƙarfi kamar 'yan firamare. Sau ashirin. Babba ko tari ba ta yi ba.

Wani ɗalibi ya ce, “Malam, me ya faru ne takamaimai?”

Kailani ya ce, “Ciwo ne a cikin manhajar, an gyara. Ita Malama daidai take aikinta. Sauran bayani sai nan gaba.”

Alhaji ya gyara hula, ya yi gyaran murya. “To, alhamdu lillahi. Da ma ni ban taɓa cewa ita ce ba. Zinariya, mai da kayanki, ga aiki na jira.”

Ban taɓa cewa ita ce ba! A gaban mutum talatin da suka ji shi da kunnensu! Na buɗe baki, Zinariya ta riga ni. Ba ta ɗaga murya ba, ledarta na kan cinya.

“Alhaji, a bakin ƙofa ka faɗa ranar Litinin. 'Yan acaɓa sun ji, sun kai har unguwarmu. An tambayi 'yata a makaranta. In zan zauna, a bakin ƙofar za ka warware.”

“Haba Zinariya, ni da ke? Ai ke 'yata ce.”

“Shi ya sa, Baba.”

Ya dubi Kailani ko zai cece shi. Kailani na can yana rubuta wani abu a littafi. Ya dubi layin ɗalibai, ya dubi sauran masu bugun da ya san biyu a cikinsu ba su kai saurinta ba ko an haɗa. Ya ja ƙafa zuwa bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon sama kamar mai duban hadari, ya ce da muryar da ko ƙuda ba za ta kora ba:

“Jama'a, abin nan ashe na inji ne.”

Na ce, “Alhaji, mai awara ta ce ba ta ji ba!”

“Na ce na inji ne! Ba ruwan Zinariya! Ke kuma Atika ki koma kan aikinki!”

Wani ɗan acaɓa ya danna hon. Kalmar haƙuri dai ba ta fito daga bakin Alhaji ba, har yau da nake ba ku labari, kuma Kailani ko sannu bai samu ba, sai ma tambayarsa da aka yi me ya sa bai gano tun farko ba. Shi ko a jikinsa, ya tsallaka titi abinsa.

Zinariya ta ciro kofinta daga leda ta ajiye a bakin taga, ta sa matashin a bayanta. Yaron nan da ya janye jakarsa ranar, shi ne farkon layi, ya miƙo mata takardunsa da hannu biyu yana kallon ƙasa.

Ta karɓa, ta duba shafin farko, ta ce, “Wa ya rubuta maka wannan gabatarwar? Jawo kujera, da sauran aiki a nan.”